Mugunya a ƙirji: yaushe ake zuba maganin narkar da gudaji a cikin tiyo?

Wanda ya taɓa zaman jinya a babban asibitin Yamai, ko na Damagaram, ko Maraɗi, mai yiwuwa ya ga irin wannan majinyaci. Yana jingine da matashi, tiyo ya fito daga tsakanin haƙarƙarinsa ya gangara cikin wata kwalba da aka ajiye a ƙasa gefen gado. Ranar farko kwalba ta cika da mugunya, dangi suka yi hamdala. Kashegari abin da ya fito ya ragu. A rana ta uku sai ɗigo-ɗigo. Masu jinya suka fara maganar sallama, a ganinsu ciwo ya tsiyaye. Amma zazzaɓi bai sauka ba, numfashi bai daidaita ba, kuma da aka sake ɗaukar hoton ƙirji, sai ga gefe guda har yanzu fari fat.

Mugunyar ba ƙarewa ta yi ba. Kauri ta yi, ta rarrabu gida-gida, tiyo ya kasa kai mata. A daidai wannan gaɓar ne likitoci ke tunanin wani magani da ake ɗurawa ta cikin tiyon da kansa, ya shiga ya narkar da abin da ya daskare, a samu ya fito. Maganin yana aiki, bincike ya tabbatar. Sai dai yana da lokacinsa: akwai ranar da ta dace a fara, akwai tsawon lokacin da zai zauna a ciki, akwai kuma ranar da in ta wuce, ko an zuba shi asarar kuɗi ce.

Yadda ruwa ke komawa cuku

Huhu ba a manne yake da haƙarƙari ba. Tantani biyu ne a tsakaninsu, ɗaya ya lulluɓe huhun, ɗaya ya shimfiɗe a jikin bangon ƙirji daga ciki. Tsakanin su biyun akwai ɗan ruwa da bai fi cikin cokali ɗaya ko biyu ba, aikinsa ya sa su riƙa zamewa a kan juna duk lokacin da mutum ya ja numfashi. Idan ciwon haƙarƙari ya kama huhu, wato namoniya, tantanin kan kumbura ya fara tsatso ruwa. Sau da yawa wannan ruwan yakan janye da kansa in an sha maganin kashe ƙwayoyin cuta a kan kari. Wani lokaci kuwa ƙwayoyin cutar kan tsallaka su shiga cikin ruwan, su mai da shi gidansu.

Daga nan abin yana bin matakai uku, kuma tun 1962 likitocin ƙirji na Amurka suka tsara su haka. Mai kiwon shanu zai gane su da sauri, domin tafiyar madara ce. A kwanakin farko ruwan tsinkakke ne kamar madarar da aka tatso yanzu. Ko allura aka soka sai ya biyo. Bayan ƴan kwanaki sai ya fara kauri ya zama mugunya, wadda wasu ke kira ɗiwa. A wannan matakin jiki yana zubo wani sinadari mai suna fibirin, shi ne zaren da ke sa jini ya daskare a bakin rauni. Zaren yakan saƙu daga wannan tantani zuwa wancan, da farko kamar yanar gizo-gizo, daga baya ya yi kauri ya zama shinge. Wuri ɗaya da ruwa ke ciki sai ya koma ɗakuna goma ko ashirin kamar saƙar zuma. Bakin tiyo yana cikin ɗaki ɗaya. Ya kwashe abin da ke nan, sauran kuwa ko a jikinsu.

Mataki na uku yakan fara ne bayan mako biyu zuwa uku, ya ci gaba har makonni. A nan jiki ya fara gina tsoka mai tauri a kan wannan zare. Wani ɓawo ya lulluɓe huhu kamar ƙirgin da ya bushe a rana, ya hana shi buɗewa. Madara ta zama cuku. Babu maganin da ake ɗurawa ya narkar da wannan ɓawo, sai likitan tiyata ya shiga ya ɓare shi da hannu.

Maganin narkar da gudaji na mataki na biyu ne. A na farko ba a bukatarsa, tiyo kaɗai ya isa. A na uku ba ya da abin yi. Duk gardamar da likitoci ke yi a kan lokaci, a kan wannan tsakiyar take.

Gaggawa ma ta taɓa yin kisa a wannan ciwo. A 1918, lokacin annobar murar da ta game duniya, sojojin Amurka da yawa sun kamu da mugunyar ƙirji a barikokinsu. Al'adar likitoci a wancan zamani ita ce da an gano mugunya a yanke haƙarƙari a buɗe ƙirji. Kusan 30 cikin 100 na waɗanda aka yi wa haka suna mutuwa, a wasu barikokin ma fiye. Kwamitin da aka kafa, wanda likita Evarts Graham ke ciki, ya gano cewa buɗe ƙirji tun ruwan yana tsinkakke yana sa iska ta afka ciki, huhu ya lotse, mutumin da dama numfashi ke yi masa wuya ya ƙarasa. Da aka koma zuƙe ruwan ba tare da barin iska ta shiga ba, aka jinkirta yanka, mace-macen suka sauko ƙasa da 5 cikin 100. Sauri ya haifi nawa. Wannan ne ma dalilin ruwan da ake gani a gindin kwalba: bakin tiyo yana nutse a cikinsa don iska ta fita amma kada ta koma, dabarar da wani likitan Jamus mai suna Bülau ya yi amfani da ita tun 1875.

Shekara sittin ana lalube

Tunanin narkar da mugunya daga ciki ba sabo ba ne. A 1949 William Tillett da Sol Sherry, a birnin Niyok, suka ɗura wa majinyata wani sinadari da ake samu daga ƙwayoyin cuta, mai suna sitireptokinas, suka ga ruwa ya ƙaru a kwalba. Aka yi shekaru ana amfani da shi nan da can. A 2004 wani ƙaramin gwaji a Keptawun ta Afirka ta Kudu, da majinyata 53, ya nuna waɗanda aka ba maganin sun fi tsira daga tiyata. Sai a 2005 babban gwaji ya fito daga Birtaniya, wanda ake kira MIST1, da majinyata 454. Sakamakon ya sanyaya jikin kowa: waɗanda aka ɗura wa sitireptokinas da waɗanda aka ɗura wa ruwan gishiri zalla, babu bambanci tsakaninsu wajen mutuwa, ko bukatar tiyata, ko daɗewa a asibiti. Masu sukar gwajin sun ce da yawan majinyatan sun kai mako biyu da ciwo kafin a fara ba su maganin, wato lokaci ya riga ya ja. Duk da haka, a wajen manya, daraja ta zube wa wannan magani.

Abin da aka gane daga baya shi ne matsalar biyu ce, ba ɗaya ba. Akwai shingayen fibirin da suka raba ƙirji ɗaki-ɗaki. Akwai kuma kaurin mugunyar kanta. Mugunya gawawwakin ƙwayoyin jini ne da suka mutu a wajen yaƙi da cuta, kuma idan suka fashe suna sakin dogayen zaruruwan halitta da ke cikinsu, waɗanda ke sa ta yi yauƙi kamar miyar kuɓewa. Ko an rushe shinge, abu mai wannan yauƙi ba zai bi siririn tiyo ba.

Saboda haka gwaji na biyu, MIST2, wanda Najib Rahman da abokan aikinsa na Oksfod suka fitar a 2011, ya haɗa magani biyu. Na farko tPA, wanda aka fi sani a wajen narkar da gudan jini ga wanda jijiyar zuciya ko ta ƙwaƙwalwa ta toshe masa. Shi ke rushe shinge. Na biyu DNase, wanda asalinsa na masu wata cutar gado ce mai sa majina ta yi kauri a huhu. Shi ke tsinka yauƙi. An raba majinyata 210 gida huɗu: masu samun duka biyun, masu tPA kaɗai, masu DNase kaɗai, da masu ruwan gishiri.

Haɗin biyun ne kawai ya yi tasiri. A rana ta 7, farin da ke cikin hoton ƙirji ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100 na faɗin gefen ƙirjin, alhali a wajen masu ruwan gishiri 17 ne. Waɗanda aka tura tiyata cikin wata 3 sun kasance 4 cikin 100, maimakon 16. Zaman asibiti ya ragu da kusan mako guda. Shi tPA kaɗai ya ƙara yawan ruwan da ke fita amma hoto bai gyaru yadda ake so ba. DNase kaɗai kuwa ɓarna ya yi: 39 cikin 100 na masu shi sun ƙare a hannun likitan tiyata. Ana jin dalilin shi ne ya tsinka mugunya a ɗakunan da ba su da ƙofa, jiki ya yi ta tsotse dafin.

Wace rana za a fara?

A gwajin MIST2 ba a jira ba. Da an sa tiyo aka shigar da mutum cikin gwaji sai a fara. Amma a aikin yau da kullum, akasarin asibitoci sun ɗauki wata hanya, domin majinyata da yawa suna warkewa da tiyo da maganin kashe ƙwayoyin cuta kaɗai, kuma babu hikima a kashe makudan kuɗi a kan wanda zai warke ba tare da shi ba. Wani nazari da aka fitar a 2014 a kan majinyata 107 a Ostareliya da Birtaniya da Niyuzilan ya nuna cewa mafi yawansu sai da aka ba tiyo fiye da awa 24 ya gaza sannan aka fara ɗura maganin, kuma duk da haka 92 cikin 100 sun warke ba a yanka su ba.

Ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin ƙirji na Birtaniya da na Turai suka fitar a 2023 sun tsaya a nan kusa. A sa tiyo, a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta, a zuba ido. Idan ruwa ya tsaya alhali hoto ko na'urar eko ta nuna akwai saura, kuma jikin majinyaci bai nuna sauƙi ba, kada a wuce awa 48 ba a yanke shawara ba. Jiran yini ɗaya ko biyu ba ya cutarwa. Jiran mako guda ana cewa bari a gani, shi ne ke cutarwa, domin kowace rana shingayen suna ƙara kauri.

Kafin a taɓa maganin, akwai tambayar da likitan kirki ke fara yi wa kansa: shin tiyon ma yana aiki? Sau da yawa abin da ya tsayar da ruwa ba shinge ba ne. Tiyo ne ya lanƙwashe a ƙarƙashin majinyaci, ko gudan mugunya ya toshe bakinsa, ko ya zame har ramukansa sun fito waje. Siraran tiyo, waɗanda aka fi so yanzu saboda ba su da zafi kamar manyan, suna bukatar a riƙa wanke su da ɗan ruwan gishiri na asibiti, kimanin mililita 20 zuwa 30 duk bayan awa 6. Zuba magani mai tsada a tiyon da bakinsa ba ya cikin mugunya, zuba ruwa ne a rariya.

Na'urar eko, wadda aka saba gani a wajen awon ciki, ta fi hoton ƙirji amfani a nan. Hoto fari kawai yake nunawa. Eko kuwa tana nuna zaruruwan suna lilo a cikin ruwa, tana nuna ko siraran ne ko sun yi kauri, tana kuma nuna inda ya kamata a soka tiyo tun farko. A asibitin da ba shi da sikana, wannan ƙaramar na'ura ita ce idon likita.

Awa ɗaya a rufe

Bayan ranar farawa, sai lissafin awoyi. Tsarin MIST2 shi ne miligiram 10 na tPA da miligiram 5 na DNase, sau biyu a yini, kwana 3. Wato zubi 6 na kowanne. Ana narka maganin a ɗan ruwa, a tura shi da sirinji ta tiyo, a bi shi da ruwan gishiri don ya ƙarasa ciki, sannan a maƙale tiyon awa ɗaya. Maƙalewar nan ita ce zuciyar aikin. In an bar tiyo a buɗe, maganin zai juyo ya zube a kwalba bai taɓa komai ba. In an bar shi a rufe yini guda, babu ƙarin riba, domin mugunya tana ɗauke da wani sinadari da ke kashe ƙarfin tPA, ga shi kuma an hana abin da ya narke fita.

Da farko ɗaya bayan ɗaya ake zuba su: tPA, a rufe, a buɗe ya tsiyaye, sannan DNase, a sake rufewa, a sake buɗewa. Ana tsoron kada ɗaya ya lalata ɗaya. Wannan yana nufin ma'aikacin jinya ya zo bakin gado sau takwas ko fiye a yini saboda mutum guda, kuma duk wanda ya san ɗakin da majo ɗaya ke kula da gadaje talatin da dare, ya san yadda za ta kaya: a manta tiyo a rufe, ko a tsallake zubin dare. A 2016 likitoci a Bostan ta Amurka suka ba da rahoton majinyata 73 da aka zuba wa magungunan biyu a lokaci guda, aka rufe awa 2, kuma 90 cikin 100 suka warke ba tiyata. Tun daga nan asibitoci da yawa suka koma zubi ɗaya. Wasu sun gwada sau ɗaya a yini maimakon biyu, suka samu sakamako mai kama da wannan. A Ostareliya an gwada rage tPA zuwa miligiram 5, daga baya har 2.5, kuma kusan 9 cikin 10 sun warke, ko da yake wasu sai da aka ƙara musu. Waɗannan nazarce-nazarce ba su kai MIST2 ƙarfi ba, domin ba a raba majinyatan da ƙuri'a ba. Amma duk sun nuna abu guda: tsarin yana da sassauci a wajen yawan magani da jerin zubi, abin da ba ya yafewa shi ne a makara.

Ba dole ba ne kuma a cika zubi 6. Likitoci da dama suna duba hoto da eko kullum. In bayan zubi 3 ko 4 ƙirji ya washe, zazzaɓi ya sauka, sai su tsaya.

Masu jinya su san abin da za su gani, don kada hankali ya tashi. Bayan an buɗe tiyo ruwa yakan yi yawa ƙwarai, wani lokaci fiye da lita a yini, kuma yakan yi ja-ja. Ba duka ne tsohuwar mugunya ba; tPA yana sa tantanin ya tsatso sabon ruwa, wanda ake jin yana taimakawa wajen ɗauraye wurin. Zubin farko yakan yi zafi a ƙirji, shi ya sa ake ba da maganin ciwo kafin a fara, ba bayan mutum ya fara murƙususu ba. Aikin dangi kaɗan ne amma mai nauyi: kada a ɗaga kwalba sama da ƙirjin majinyaci, kada a buɗe ko a rufe maƙalin da hannun kai, kuma in an ce awa ɗaya, a duba agogo a tuna wa ma'aikaci idan ta cika. In numfashi ya tsananta a lokacin da tiyo ke rufe, a kira shi nan take.

Wanda ba a zuba wa

Maganin da ke narkar da gudaji yana iya sa zubar jini. Wani babban nazari na 2022 da ya tattara majinyata 1,833 ya samu zubar jini a cikin ƙirji ga kimanin 4 cikin 100, kuma haɗarin ya fi yawa ga masu shan maganin tsinka jini a lokacin. Saboda haka wanda ke shan irin wannan magani, ko mai ciwon ƙoda ko hanta mai tsanani, ko wanda aka yi wa babbar tiyata kwanan nan, ko mace mai ciki, dole a faɗa wa likita kafin a fara. Wani a dakatar masa da maganin tsinka jinin na ɗan lokaci, wani a rage masa tPA, wani a bar shi gaba ɗaya. Haka nan in kwalba tana ta kumfa ba tsayawa, alamar huhu ya huje iska tana fita, ba a rufe irin wannan tiyo, ba a kuma zuba magani.

Wannan ya shafi masu hatsarin mota da na kabu-kabu. Wanda haƙarƙarinsa ya karye jini ya taru masa a ƙirji, shi ma tiyo ake sa masa, kuma shi ma wani lokaci jinin kan daskare ya ƙi fita. Amma agogonsa daban ne. A kwanakin farko, lokacin da rauni bai kame ba, narkar da gudaji na iya tsinke abin da ya tsayar da jinin. Inda akwai hali, likitocin tiyata sun fi son a shiga da na'urar kyamara a kwashe gudajin cikin makon farko. Ana komawa ga magani ne ga wanda ba zai jure tiyata ba, ko inda babu mai yin ta, kuma sai an tabbata jini ya tsaya.

Idan maganin ya gaza, kada a zauna ana maimaita shi. A da akan ba tiyo kwana 5 zuwa 7 kafin a nemi likitan tiyata. Yanzu ana so tun wajen rana ta 3 ya san da majinyacin, domin tiyatar da ake yi ta ƙananan huji da kyamara ta fi sauƙi tun ɓawo bai yi tauri ba; in ya yi, sai an tsaga ƙirji sosai.

Yara sun fi dacewa

A ƙasashe irin Nijar, yara ne suka fi cika gadajen wannan ciwo, musamman bayan ƙyanda, ko a jikin yaron da tamowa ta raunana, kuma lokacin hunturu da ƙura ya fi yawa. Abin farin ciki, su maganin ya fi karɓa, kuma guda ɗaya ya ishe su. A 2002 wani gwaji a Birtaniya da yara 60 ya nuna urokinas, ɗan uwan tPA, sau biyu a yini kwana 3, ana barinsa awa 4 a ciki, ya rage zaman asibiti daga kwana 9.5 zuwa 7.4. A 2006 aka gwada shi da tiyatar kyamara a wajen wasu yara 60: tsawon zaman asibiti ɗaya, amma maganin ya fi araha. A 2020 kuma gwaji a Kanada da yara 97 ya nuna ƙara DNase a kan tPA bai ƙara wa yara komai ba. Saboda haka a wajen yaro, in eko ta nuna shingaye ko mugunya mai kauri, yawanci ba a jira. Ana sa tiyo a fara maganin a ranar.

Abin da ke hannu a nan gida

Duk waɗannan alkaluma daga asibitocin da ke da komai suka fito. A nan, tPA da DNase magunguna ne masu tsadar gaske, ba kuma irin waɗanda ake shiga farmasin unguwa a saya ba. Cikakken zubi 6 na babba yana cin miligiram 60 na tPA da ƙananan kwalabe 12 na DNase. Shi DNase sai a firigo yake zama. Shi kuma tPA, garinsa ba ya son zafin da ya wuce digiri 25, kuma da an narka shi, awa 24 ke gare shi a firigo, awa 8 a waje. A garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, wutar lantarki tana zuwa tana tafiya, wannan ma wani agogo ne. Likitocin tiyatar ƙirji kuma ƙalilan ne, a manyan birane suke.

Akwai wata hanya mai araha da ta cancanci a san ta. A 2015 likitoci a Biristol ta Ingila suka gwada ɗauraye ƙirji da ruwan gishiri na asibiti zalla, irin wanda ake ƙara wa majinyaci a jijiya: mililita 250, sau 3 a yini, kwana 3, a bar shi awa ɗaya sannan a buɗe. Majinyata 35 ne kawai, amma waɗanda aka yi wa haka sun fi samun raguwar mugunya kuma an fi ƙarancin tura su tiyata. Ƙa'idojin Birtaniya na 2023 sun yarda a yi amfani da wannan idan tPA da DNase ko tiyata ba su yiwu ba. Ba ta kai haɗin magungunan biyu ƙarfin hujja ba, amma ruwan gishiri yana kowane asibiti. Shi kuwa sitireptokinas, wanda ya fi sauƙin samu a ƙasashe marasa ƙarfi, ƙa'idojin sun ce a bar shi a wajen manya. Yana da wata illa ta daban: jiki yana gane shi a matsayin baƙo ya yi masa garkuwa, ta yadda in mutum ya bukace shi nan gaba don toshewar jijiyar zuciya, ba lalle ya yi aiki ba.

Sai kuma tarin fuka, wanda ba a mantawa da shi a wannan yanki. Yana tara ruwa a ƙirji, wani lokaci har mugunya, kuma tafiyarsa a hankali take, makonni ko watanni. Duk ruwan da aka zuƙo daga ƙirji ya kamata a aika da shi awo, a kuma gwada majina. In tarin fuka ne, babu tiyo ko maganin narkewa da zai warkar da mutum ba tare da maganin tarin na wata 6 ko fiye ba, wanda ake bayarwa kyauta.

Amma babban abin da ke cinye lokacin maganin yana faruwa ne tun kafin a iso ƙofar asibiti. Likita yana ƙirga awa 48 daga ranar da ya sa tiyo. Mugunya kuwa tun ranar da tari da zazzaɓi suka fara take ƙirga nata. Mutum ya yi kwana 5 yana shan ƙwayoyin da ya saya a tebur, ya ɗan ji dama ya bari. Ciwon gefe ya dawo, a kai shi wajen wanzami a yi ƙaho ko sakiya. Wani mako ya wuce ana neman kuɗin mota daga ƙauye zuwa Tasawa ko Madawa, daga can a tura shi gaba. Kafin ya kwanta a gadon da ake iya sa masa tiyo, ya yi mako uku ko huɗu. Irin wannan majinyaci ko a Oksfod aka kai shi, ɓawo ya riga ya kama.

Alamomin da ya kamata su tayar da mutum ba ɓoyayyu ba ne. Wanda aka ba maganin namoniya amma bayan kwana 2 ko 3 zazzaɓi bai sauka ba, ko ya sauka ya dawo. Ciwo a gefe guda mai suka idan an ja numfashi. Gumin dare da rama. Yaro mai numfashi da sauri da nishi, wanda ya fi son kwanciya a kan gefe guda, ko aka ga gefen ƙirjinsa ɗaya ba ya motsi kamar ɗayan. Irin wannan ba na ƙarin ƙwaya ba ne, na hoton ƙirji ne ko eko a cikin kwanakin nan. Ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, tun 2006 doka ta sa duba su a asibitocin gwamnati kyauta ne, kuma tun 2014 allurar rigakafin ƙwayar da ta fi haddasa namoniya tana cikin jerin alluran jarirai, tare da ta ƙyanda da aka daɗe ana yi.

Idan komai ya tafi daidai, ana cire tiyo ne lokacin da abin da ke fita ya ragu sosai, ya washe, zazzaɓi ya tafi, hoto kuma ya nuna babu sauran tarin mugunya. Cire tiyo ba shi ne ƙarshen magani ba. Maganin kashe ƙwayoyin cuta yana ci gaba mako 2 zuwa 6, gwargwadon tsananin ciwon, kuma barinsa a rabi yana iya mai da mutum kan gadon da ya baro. Hoton ƙirji kuwa yakan daɗe bai koma daidai ba. Tantanin da ya yi kauri yana ɗaukar wata 3 zuwa 6 kafin ya sirance, musamman a wajen yara, waɗanda galibi huhunsu ke komawa kamar ba a yi ba. Ana sa ranar dawowa bayan mako 4 zuwa 6 a sake dubawa, ko kafin nan idan zazzaɓi ya sake tasowa.